Shanun gadona a tudun Tarka

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, cikin abin da ya faɗo rabona har da shanu uku da ban taɓa sa su a ido ba. Suna can hannun kawuna, wan mahaifiyarmu, a wani ɗan ƙauye arewa da Dakoro, kan tudun da ke bakin kwarin Tarka. Ni kuwa a Maradi aka haife ni, a nan na tashi, a kan keken ɗinki nake cin abinci. Iyakar sanina da saniya shi ne nonon da ake dama mini hura da shi. Tun ranar rabon gado nake lissafa shanun nan kamar ajiya a banki: suna can suna haihuwa, ranar da lalura ta taso in ce a kama ɗaya a kai kasuwa. To amma wannan banki, maimakon riba, da zarar zafi ya kankama sai wayar Kawu ta shigo, a aiko da kuɗin dusa. Shekarar farko na aika. Ta biyu na aika ina guna-guni. Ta uku na ce wa maiɗakina ni da ƙafata zan kai dusar, in ga bakin da ke cin ta. Ba zan ɓoye ba, zargi ne ya ɗaga ni, zumunci a baya ya biyo.

Ƙarshen watan biyar ne, tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen almakashi ba ya taɓuwa da rana. Na sayi buhu biyar na dusar alkama, da kantun gishiri guda, da sukari da ganyen shayi na tsaraba, aka ɗaure su a saman mota muka kama hanya da sassafe. Daga Maradi zuwa Dakoro wajen kilomita 120 ne, a bi ta Sabon Mashi da Kornaka. Mun ƙetare Gulbin Kaba a bushe, ba abin da ke nuna gulbi ne sai goriba da ta yi layi. Gonaki duk an share su ƙal, ko kara ɗaya ba a bari ba, ana jiran ruwan shuka. Abin da muka yi ta karo da shi a hanya shi ne amalanke, ɗaya bayan ɗaya, an yi musu lodin busasshiyar ciyawa har ba a ganin jakin sai ƙafafu, duk sun nufi kudu. Na kalle su na kau da kai, don a lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da su ba.

A Dakoro kwalta ta ƙare mana. Na shiga motar kasuwa, irin mai buɗaɗɗen baya da ake zama kan kaya ƙafa na lilo, muka yanki rairayi. Sau biyu muna sauka turi. Inda aka sauke ni, ɗan Kawu na tsaye da amalanken jaki yana jirana, taubashina ke nan, kuma bai bari na gama karkaɗe riga ba.

"A'a, bawana ya iso! Mai shanu da kansa. To ɗauko buhu, tunda kai ka san nauyin kuɗinsu, yau ka san nauyinsu a wuya."

Na ce masa bawa ba ya ciyar da ubangidansa shekara uku. Muka yi dariya, amma na lura da yadda ya shafa buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaisawa da baƙi.

Da asuba, bayan salla, ina shirin komawa kan tabarma Kawu ya ce, "Tashi ɗana, mu tai mu tada shanu." Na ɗauka kora su kiwo yake nufi. Ashe tadawa yake nufi, ta gaske. Bayan gida, gindin wata aduwa, shanu huɗu na kwance sun kasa miƙewa. Ɗaya daga ciki, wata ja mai dogon ƙaho, Kawu ya nuna ta da haɓa ya ce, "Wagga taka ce." Haƙarƙarinta ana ƙirga su daga nesa, ƙugunta ya fito kamar an rataya buhu a kan turke, tozon ya kwanta gefe guda. Aka zura mata itace biyu ƙarƙashin ciki, ɗaya bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban na baya. Mutum huɗu suka kama bakin itatuwan, taubashina ya riƙe wutsiya, ni aka ba ni ƙaho. Kawu ya ce bismilla, aka ɗaga gaba ɗaya. Ta tsaya tana rawa, ƙafafunta na harɗewa, numfashinta mai zafi na dukan hannuna. Ba a sake ta nan take ba. Sai da aka riƙe ta tsawon lokaci, yaro na murza mata gwiwoyi, har jini ya zagaya, sannan aka zare itacen a hankali. Inna, matar Kawu, ta kawo dusa da aka jiƙa a kwano da ɗan gishiri, abin da bai fi tafi huɗu ba. Saniyar ta lashe, ta lashe kwanon, ta juyo tana lasar rigata.

Haka ake yi kowace safiya, in ji su, tun shigar watan. Wadda ta kwana biyu ba a tada ta ba, ba ta sake tashi. A wurin nan zargin da na ɗauko daga Maradi ya bi iska, kunya ta maye gurbinsa, kuma ban yarda na haɗa ido da Kawu ba har muka gama da sauran ukun.

Ranar ta faɗo ranar shan ruwa, don a wannan lokaci garken ba kullum yake sha ba: yau rijiya, gobe kiwo. Dalilin kuwa shi ne abin da na ɗauki kwana huɗu kafin ya zauna mini a kai. A tudu, ruwa da ciyawa ba sa zama wuri ɗaya. Duk inda rijiya take, dabbobi sun cinye kewayenta sun tattake tun cikin ɗari, ba abin da ya rage sai tumfafiya da kashin shanu. Inda ciyawa ta saura kuwa, ta saura ne don ba ruwa kusa. Saniya tana kwashe rani ne tana kai da komo tsakanin biyun, kullum tazarar na ƙaruwa, kullum ƙarfinta na raguwa, abin da ta ci a can ta ƙone shi a hanyar zuwa nan. Wanda ya saba da kiwon fadama, inda za a tona ƙasa kaɗan ruwa ya tsattsafo, ba zai gane wannan lissafi ba.

Rijiyar ta siminti ce, bakinta ya sha igiya har ya yi zanen-zane. An kafa gwafanni kewaye da ita, kowace da mai ita, kowane gida da lokacinsa. Ba hannu ke jan guga ba. Ana ɗaura igiya a jikin takarkari ko raƙumi ko jakuna biyu, yaro ya kora su su miƙe, wasakin fata ya taso a cike, mutum biyu su cafke shi su juye a komi, a yi wa yaron ihu ya juyo. Na bi takarkarin Kawu ina ƙirga taku tun daga bakin rijiya har inda ya tsaya, na samu saba'in da 'yan kai. Zurfin ke nan. Kowane wasaki ɗaya sai an yi wannan tafiya, zuwa da dawowa, cikin ranar da ke narka ƙwaƙwalwa, ga kuma shanu sun yi cincirindo suna tunkuɗar juna, taubashina na tsaye da sanda yana shigar da su biyar-biyar, yana kiran kowace da sunanta. Mun fara hantsi, ba mu gama ba sai bayan azahar. Akwai Fulani da Buzaye da suka zo daga nesa suna zaune a inuwar raƙumansu tun safe, sai masu rijiya sun gama a ba su, wani da roƙo, wani da kuɗi. Na ga wani dattijo da garken tumaki uda, masu rabin jiki fari rabi baƙi, bai ce uffan ba har la'asar, yana ta jan carbi yana kallon komi.

Da dare muka zauna shayi, na kawo maganar amalanken da na gani a hanya, na ce ai kuwa ciyawa na da yawa a ƙasar nan tunda har ana fitar da ita. Taubashina ya ajiye kofi.

"Kai ragon layyarka mi yake ci a Maradi?"

Na yi shiru. Kowace shekara ina turke rago biyu a ƙofar gida, kuma dami-dami nake sayen ciyawa daga masu amalanke, har ina ciniki ina cewa sun cika tsada. Ciyawar nan daga nan ake sharo ta da manjagara, tun kaka, a tara a jira rani. Mai sharar talaka ne, da ita yake sayen tiyar hatsi, ba zan zage shi ba. Amma manjagara ba ciyawa kaɗai take kwashewa ba, har da irin da zai tsiro baɗi, ta bar rairayi tsirara iska ta ɗauka. Wato ni da kaina nake sayen abincin saniyata in ba ragona, sannan in yi fushi don an ce in aiko da dusa.

Kawu bai sa baki a wannan ba, ya bar ni da taubashi. Da ya buɗe baki, maganar damina ya ɗauko, don na ce masa Allah ya kawo ruwa su huta. Ya ce, "Ruwan farko shi ka kashe shanu, ɗana, ba rani ba." Ruwa na sauka, ɗan ragowar busasshiyar ciyawa sai ta jiƙe ta ruɓe, sabuwa kuma ba ta kai baki ba sai an yi makonni. Dabbar da ta rame ba ta jure sanyin ruwa, in ta kwanta a taɓo shi ke nan. Wadda ta tsira ta yi ta bin ɗan tsiron da bai fi farce ba, tana haɗawa da ƙasa, zawo ya kama ta. In ciyawa ta tashi kuma akwai wadda suke kira marak, da saniya ta cika ciki da ita tana ɗanya sai cikin ya kumbura kamar ganga. Ya tuna mini da 2010, shekarar da daminar da ta gabace ta ba ta bar ciyawa ba: dabbobi suka yi ta faɗuwa a ƙasar Dakoro da Bermo da Gadabeji, mahauta na bin ruga-ruga suna sayen saniya a kuɗin da bai kai na akuya ba, sannan da ruwa ya zo da ƙarfi ya ƙarasa waɗanda suka rage. Shi ya ga 1973, yana saurayi, ya ga 1984, yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari saboda a lokacin ne Najeriya ta rufe iyaka. A kowacce, in ji shi, wanda ya tsira da garke shi ne wanda ya tashi da wuri ya yi nisa, ba wanda ya zauna yana jiran hadari ba.

To, tashi a je ina? Nan ne maganar ta yi nauyi. Tun 1961 akwai dokar da ta ja iyakar noma a Nijar, daga layin zuwa arewa ƙasar kiwo ce, kuma a wajenmu kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin iyakar. Dokar makiyaya ta 2010 ta sake jaddada ta, ta kuma ce yawo da dabbobi haƙƙi ne. A takarda ke nan. Da idona na ga gonakin gero ƙetaren kwarin, an share su ana jiran ruwa, kuma da na tambayi na wane ne wata da muka wuce, taubashina ya sosa ƙeya ya ce tasu ce. Ban ga laifin Kawu ba, ban kuma wanke shi ba. Gidansa mutum ya fi ashirin, gonar gado ta gaji, kowace shekara sai an ɗan ƙara. Haka maƙwabcinsa, haka na gaba da shi, har makiyayan da suka rasa shanu a shekarun fari su ma fartanya suka ɗauka. Kowa da hujjarsa, burtali kuwa yana ta tsukewa. An kafa turakun siminti a wasu burtulan don a san iyaka, aikin kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, kuma inda aka kafa su rigima ta ragu. Amma na ga turke guda tsaye a tsakiyar gona, kunyoyin noma sun zagaye shi ta kowane gefe.

Da damina, in an yi shuka, dole garke ya bar ƙauye. Samari su kora shi arewa, wajen Bermo da Gadabeji, inda tafkuna ke cika, ƙarangiya ta tashi ɗanya shar, ba guga ba igiya. Waɗanda suka fi ƙarfin tafiya, Fulani da Buzaye, har Ingal suke kaiwa a watan tara, dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri. Wannan ne lokacin da nagge ke amsa sunanta na daɗi goma: nono ya wadata, mata su yi cuku su shanya, maruƙa su yi ta tsalle. (A Gadabejin nan akwai gandun daji tun 1955, hekta 76,000, inda aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Na so in gan su, taubashina ya ce shi da ya kwana kusa da wurin damina biyu sau ɗaya ya hango wuyan ɗaya, kuma ba ta ba shi nono ba.) Daɗin dai gajere ne. Tafkunan tudu ba sa jimawa, iskar kaka na busawa sai su koma laka, alhali a kudu ba a gama girbi ba. Garke ya juyo yana neman ruwa, gero na tsaye a gona, wake bai bushe ba, hukuma ba ta sanar da ranar sakin gonaki ba. Makonnin nan su ne mafi haɗari a shekara tsakanin manomi da makiyayi. Duk ɗan jihar Maradi da ya manyanta ya san abin da ya faru a Toda, ƙasar Gidan Runji, a watan goma na 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Kawu ya ambaci sunan garin sau ɗaya, ya yi salati, ya sauya magana.

Ko an saki gonakin ma, ba kamar da ba. A zamanin ƙuruciyarsa manomi ne ke roƙon Bafulatani ya kwana da shanu a gonarsa don taki, har ya ba shi damin gero. Yanzu kara da harawa kuɗi ne, ana girbi ake kwashe su a ɗora kan itace ko a kai kasuwa. Kudu kuma, wajen Madarunfa da bakin iyaka, inda a da ake gangarawa cin rani har cikin Najeriya, ɓarayin shanu masu bindiga sun sa mutum sai ya yi tunani biyu.

Kwanakin da na yi, abin da ya riƙe gidan ba shanun ba ne, awakin Inna ne. Saniya ba ta da nonon da za ta ba ɗanta balle mutum, amma akuya ta miƙe kan ƙafa biyu ta ci ganyen aduwa, ta tsinci 'ya'yan kandili, da yamma a tatsi abin da za a sa wa yara a hura. Na yi mata kurin jar akuyarmu ta Maradi, mai haihuwar tagwaye, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, wadda aka gina wa cibiya guda a Maradi tun 1963. Inna ta ce ta taɓa kawo biyu. "'Yan birni ne irinka," in ji ta, "gajerun ƙafafu, ba su iya nisa." Nata dogaye ne, farare da roɗi-roɗi, ba kyan gani, sai juriya.

Ranar da zan taho na ce wa Kawu ko a sayar da jar saniyar nan a huta. Ya ce yanzu? Yanzu ko kuɗin buhu biyun dusa ba za ta yi ba, kowa sayarwa yake, ba mai saye sai mahauci. Lokacin sayarwa kaka ne, sa'ad da dabba ta yi ƙiba, hatsi da dusa kuma suna araha. Kowa ya san haka, ya ce, amma wa ke iya rabuwa da saniya ranar da ta fi kyau? Ya ƙara da cewa tana da ciki, shi ya sa ta fi sauran faɗuwa.

Na koma a watan goma, bayan an fara yankan gero. Hanyar da na sani fara fat ta zama ruwan ɗorawa, ciyawa har gwiwa, ƙarangiya ta bushe ta kama mini wando tun daga sauka mota har na zauna cire ta da yatsa ina tsaki. Maza rabin ƙauyen ba sa nan, suna can suna share dogon layi a daji da fartanya da manjagara, don in gobara ta tashi ta samu inda za ta tsaya. Shekarar da ciyawa ta yi kyau ita ce shekarar wuta, guntun garwashin mai shayi ya isa ya cinye abincin rani na ƙauyuka cikin yini ɗaya. Garken ya dawo daga arewa kwana uku kafin zuwana, an tsare shi a wani fako nesa da gonaki, yara na kwana da shi.

Cikin shanuna uku, guzumar ba ta ga damina ba. Ruwan farko ya same ta a kwance, aka yanka ta kafin ta mutu, Kawu ya ajiye mini fatar. Jar kuwa ban gane ta ba sai da taubashina ya kira sunanta ta ɗago kai. Tozo ya miƙe, gashi na sheƙi, ga 'yar maraƙa ja tana tunkuɗar hantsarta. Na miƙa hannu in shafa ta, ta kaɗa ƙahon nan da na taɓa riƙewa, na yi baya da sauri har hulata ta faɗi, yara suka fashe da dariya.

Na ukun, wani bijimi ɗan shekara huɗu, na ce a kai shi kasuwa a wannan makon. Kawu ya dube ni, ya dubi bijimin, ya ce ba a gaggawa. Na ce ai shi ya koya mini. Muka kai shi, dillali ya yi ta kai da komo, aka sallama. Rabin kuɗin na sayi dusa da harawa a nan take, aka zuba a rumbun Inna aka liƙe, da sharaɗin ba za a buɗe ba sai watan huɗu. Sauran na sa a aljihu. Taubashina ya rako ni tasha yana neman kuɗin shara, na ba shi jika guda, ya ce bawa mai bijimi ba ya ba da jika guda, sai da na ƙara masa ɗaya ya sakar mini jaka.